Muna Ɗaure Mutane, Ba Mai Ƙirgawa

A wani watan azumi da ya wuce, ni da wasu dattawan unguwarmu muka haɗa ɗan abin da Allah ya hore mana, muka nufi wani gidan yari domin mu biya wa waɗanda tara ta riƙe. Gandiroban da ya tarbe mu ya kawo jerin sunaye a takarda, ga mai dubu goma, ga mai dubu talatin, muna ta lissafin inda kuɗinmu zai tsaya. Muna cikin haka sai wani saurayi siriri da ke sharar harabar ya jingine tsintsiyarsa, ya matso ya durƙusa a gabana.

"Baba, ni ba tara ake bi na ba," in ji shi. "Ni ban ma san abin da ake bi na ba."

Shekararsa uku da wata huɗu a tsare. An zarge shi da satar injin ban-ruwa a wata fadama, an kai shi kotu sau biyu, daga nan ba a sake kiran sunansa ba. Ba ya cikin jerin masu tara domin ba a yanke masa hukunci ba. Ba ya cikin jerin masu zuwa kotu domin babu ranar da aka sa masa.

Bayan Sallah na je kotun da ya faɗa mini. Ɗakin ajiyar takardunta bai fi shagon mai shayi girma ba. Fayil-fayil ne a ɗaure da igiya, an jibge su tun daga ƙasa har kusa da rufi, na ƙasan sun sha yoyon damina sun manne da juna, gara ta yi hanya a jikin bango ta shige cikinsu. Magatakardan mutumin kirki ne, bai nemi ko kwabona ba. Ya kwance ɗauri bakwai a gabana, yana kaɗe ƙura yana tari, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, wallahi ba ɓoye maka nake yi ba. Alƙalin da ya fara sauraron maganar an yi masa canjin wurin aiki, ɗan sandan da ya gabatar da ƙarar ya yi ritaya, ni kuma bara aka kawo ni nan." Sai da muka shafe wata biyar, da taimakon wani lauya da ya yi mana aikin fisabilillahi, kafin yaron ya fito. Ba a ce ya yi sata ba, ba a ce bai yi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, shekarun nan kusan huɗu da aka cinye masa ba su shiga lissafin kowa ba. Babu wani ofis da za a buɗe littafi a ga an rubuta cewa kotu kaza ta manta da mutum tsawon wata kaza.

Wannan ita ce cutar da nake gargaɗi a kanta. Kotunanmu suna tsare mutane, suna ɗaure su, suna ci musu tara kowace safiya, amma ba mu da al'adar tara waɗannan hukunce-hukunce wuri guda, a ƙirga su, a gwama wannan da wancan, a fito da sakamakon kowa ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma wannan tsagar kullum faɗaɗa take yi.

Domin a ga cewa abin da nake nema ba mafarki ba ne, bari mu leƙa Amurka. Su ma sun daɗe a cikin irin wannan duhu. A shekarar 1973 wani alƙalin kotun tarayya a Niyok, Marvin Frankel, ya wallafa littafi yana kukan cewa alƙalai suna yanke ɗauri yadda ransu ya raya musu, babu ma'auni. Shekara guda bayan haka aka yi wani gwaji: aka ba alƙalan tarayya hamsin takardun shari'u iri ɗaya, aka ce kowa ya faɗi hukuncin da zai yanke. A ɗaya daga cikin shari'un, wani alƙali ya ce shekara uku, wani ya ce shekara ashirin da tarar dala 65,000. Mutum ɗaya, laifi ɗaya, takarda ɗaya. Abin da ya raba shekara uku da shekara ashirin shi ne ƙofar da aka shigar da mutum.

A 1984 majalisar dokokin ƙasar ta kafa Hukumar Tsara Hukunci ta Amurka, mai wakilai bakwai da shugaban ƙasa yake naɗawa da amincewar majalisar dattawa, aƙalla uku daga cikinsu alƙalan tarayya ne, kuma ba a yarda fiye da huɗu su fito daga jam'iyya ɗaya ba. An fi saninta da jadawalin hukunci da ya fara aiki a watan Nuwamba na 1987. Ni kuwa aikinta na biyu ne ya fi jan hankalina, wato tattara bayanai. Doka ta ɗora wa babban alƙalin kowace gunduma, cikin gundumomin kotun tarayya 94, cewa cikin kwana 30 da yanke hukunci ya tabbatar an aika wa hukumar takardu biyar: takardar tuhuma, yarjejeniyar amsa laifi idan an yi ta, rahoton da jami'in kotu yake haɗawa a kan rayuwar mai laifin kafin a yanke masa hukunci, takardar hukuncin kanta, da kuma takardar da alƙali yake bayyana dalilinsa. Wannan ta ƙarshen ita ce ƙashin bayan aikin. Alƙalin da ya san dole ya rubuta dalilinsa, kuma wani da bai san shi ba zai karanta, ba zai yanke hukunci da ka ba.

Ma'aikatan hukumar suna zama su tsinto abubuwa ɗaya bayan ɗaya daga cikin takardun: shekarun mutum, namiji ne ko mace, launin fatarsa, iyakar karatunsa, laifuffukan da ya taɓa yi, nauyin ƙwayar da aka kama shi da ita ko yawan dukiyar da ya salwantar, ko ya riƙe makami, ko ya amsa laifi ko sai da aka yi shari'a, wata nawa aka ɗaure shi, nawa aka ci shi tara. Sama da shari'a dubu sittin ake yi wa haka a shekara. Daga nan a cire sunaye, a buga alƙaluman, ɗan jarida da malamin jami'a da lauyan talaka kowa ya ɗauka kyauta.

To me ƙirgar ta tono? A 1986 an yi wata doka a kan hodar iblis. Wanda aka kama yana fataucin giram 500 na garinta, ɗaurin shekara biyar ya hau kansa dole. Amma idan wadda aka dafa ta dunƙule kamar tsakuwa ce, wadda ta fi arha kuma ta fi yawa a unguwannin talakawa, giram 5 kacal ya isa a yi masa wannan ɗaurin. Ninki ɗari ke nan a kan ƙwaya mai asali ɗaya. Da aka tara hukunce-hukuncen sai ga shi fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda ake ɗaurewa a kan dunƙulalliyar baƙaƙen fata ne. Hukumar ta kai wa majalisa rahoto a 1995, majalisa ta yi watsi da gyaran da ta kawo. Ta sake komawa a 1997, da 2002, da 2007, kowane karo da alƙaluma a hannu. Sai a 2010 aka rage ratar zuwa ninki 18, kuma sai a 2018 aka buɗe wa waɗanda aka ɗaure da tsohuwar doka ƙofar neman sassauci.

Kada a ce na zo ina yabon Amurka. Tana cikin ƙasashen da suka fi ɗaure mutane a duniya, kuma hukumar nan kotunan tarayya kawai take gani, alhali yawancin shari'un laifi a kotunan jihohi ake yinsu. Wariyar ma ba ta ƙare ba. Rahoton da hukumar ta fitar a 2017 ya nuna ɗaurin da ake yi wa baƙar fata namiji ya fi na farar fata mai irin laifinsa tsawo da kashi 19.1 cikin ɗari. Abin kunya ne. Amma a lura, hukumar gwamnati ce ta ƙirga abin kunyar, ta buga shi da hatiminta. Wanda aka zalunta yana da abin da zai riƙe ya nuna. Yaron da ya durƙusa a gabana ba shi da komai sai bakinsa.

Abin takaicin shi ne mu ma muna da dokar. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu daga baya, Kaduna a 2017, Kano a 2019, ta tanadi kusan duk abin da ake buƙata. Sashe na 15 ya ce duk wanda aka kama a rubuta sunansa, da sana'arsa, da adireshinsa, da laifin da ake zarginsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Sashe na 16 ya kafa babbar ma'ajiyar bayanan masu laifi a hannun rundunar 'yan sanda, ya ce hukuncin kowace shari'ar laifi a aika shi can cikin kwana 30, daidai da wa'adin Amurkawa. Sashe na 33 ya ce shugaban kowane caji ofis ya ba majistare rahoton waɗanda ya kama a ƙarshen kowane wata. Sashe na 34 ya ce majistare ya taka da ƙafarsa ya duba ɗakunan tsare mutane duk wata. Sashe na 111 ya ce shugaban hukumar gidajen yari ya riƙa miƙa sunayen waɗanda suka wuce kwana 180 suna jiran shari'a, duk bayan kwana 90. Da a ce wannan sashe na ƙarshe kaɗai yana aiki yadda aka rubuta shi, da sunan yaron nan ya isa gaban manyan alƙalai fiye da sau goma kafin in haɗu da shi.

Gaskiya ne Hukumar Gidajen Gyaran Hali, wadda ta sami wannan suna da dokar 2019, tana fitar da jimillar mutanen da ke hannunta. A 'yan shekarun nan adadin yana kai-kawo a wajen dubu tamanin, kuma kusan biyu cikin kowane uku jiran shari'a suke yi. Wannan ƙirgar kawuna ce, irin wadda makiyayi yake yi da yamma a bakin garke. Ƙirgar hukunci daban ce. Je ka tambayi duk wanda ka ga dama a jiharku: cikin waɗanda aka samu da satar wayar hannu bara, wata nawa aka fi yanke musu? Kotun wannan ƙaramar hukuma da ta maƙwabciyarta ma'auninsu ɗaya ne? Wanda ya zo da lauya da wanda ya tsaya shi kaɗai, ratar da ke tsakaninsu nawa ce? Mutum nawa ne suke kwance a kurkuku yau saboda tarar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba? Za a ba ka labari, za a ba ka zato, za a ce ka dawo gobe.

Wani zai ce ai wannan damuwar malaman jami'a ce, talaka ina ruwansa da alƙaluma. Talaka ne ma abin ya fi ci. Sashe na 416 na dokar nan ta 2015 ya hana a yi wa wanda bai taɓa laifi ba hukunci mafi tsanani, ya kuma ce a lissafa kwanakin da mutum ya yi a tsare a cire masa daga ɗaurinsa. Ta yaya alƙali zai san wanda bai taɓa laifi ba idan babu ma'ajiyar da zai duba? Sai ya dogara da bakin mai gabatar da ƙara. Ta haka ne riƙaƙƙen ɓarawon da aka ɗaure sau uku a wata jiha zai tsallaka wata, ya canza suna, ya sunkuyar da kai ya ce tsautsayi ne na farko, a yi masa sassauci. Shi kuma yaron da yunwa ta tura, wanda bai iya magana a gaban hukuma ba, a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Rashin rajista gata ne ga mugu, masifa ne ga mai rauni.

Haka abin yake a sama. Mutane da yawa za su tuna watan Janairu na 2013, lokacin da wata babbar kotu a Abuja ta yanke wa John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, hukunci a kan almundahanar kuɗin da suka haura naira biliyan 20. Shekara biyu aka ce, ko tarar naira 750,000. Ya biya ya tafi gida. Ƙasa ta ɗauka da kuka, aka dakatar da alƙalin na shekara guda, kuma a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida da biyan naira biliyan 22.9. An gyara wannan ne domin 'yan jarida suna zaune a kotun ranar. Kotuna nawa ne a ƙasar nan da ɗan jarida bai taɓa taka ƙofarsu ba? Irin wannan bambanci na ɗan mowa da ɗan bora yana faruwa a can kullum, a kan akuya, a kan babur, a kan rikicin gona, kuma tunda ba a tarawa, ba mai iya nuna cewa wannan kotun ta saba sakin masu hali tana ɗaure marasa galihu. Alƙalin ƙwarai ma abin yana cutarsa, domin ba shi da abin da zai wanke kansa da shi idan aka yi wa alƙalai kuɗin goro.

Sannan ga fasa gidajen yari, wanda ya zama ruwan dare. A watan Afrilu na 2021 fursunoni 1,844 suka tsere a Owerri. Ranar 5 ga Yuli 2022 aka kai hari Kuje, a gefen fadar gwamnatin ƙasa, sama da 800 suka fice. A Afrilun 2024 ruwan sama ya rusa katangar gidan yarin Suleja, fiye da ɗari suka gudu. A Satumbar 2024 ambaliyar madatsar Alau ta shanye Maiduguri, 281 suka fita. Duk wanda ya tsere alhali babu cikakken hotonsa da zanen yatsunsa da tarihin shari'arsa a wurin da kowane caji ofis zai iya dubawa, ya koma cikin jama'a kamar gishiri a ruwa. Ruwan da ya ci katanga kuma yana iya cin takarda. Idan fayil ɗaya tak ne shaidar abin da aka yanke wa mutum, ranar da ya jiƙe ko ya ƙone, hukuncin ya tafi tare da shi, ko a saki wanda bai gama ba, ko a riƙe wanda ya gama.

Daga nan cutar take fita daga kotu ta shiga unguwa. Mutanen da suka ga an kama ɓarawo ranar Litinin, suka gan shi a kasuwa ranar Juma'a, ba kuma wanda zai iya gaya musu abin da kotu ta yanke, su ne gobe za su ɗauki gora da taya da fetur. Ba na ba su uzuri, kisan taron dangi kisan kai ne, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba yake faɗawa. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin wannan taro ya ji abin da ake faɗa: in an kai shi ma sakinsa za a yi. Hukumar da ba ta iya nuna aikinta a rubuce ba ta da amsar da za ta ba su.

A Nuwambar 2023 ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara kusan naira miliyan 585 an biya musu tara. Aikin alheri ne, Allah ya saka. Irinsa ne muka je yi da ɗan abin hannunmu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, kwasar ruwa ne daga ɗakin da rufinsa yake yoyo. Idan ba a san kotunan da suke cin talaka tarar da ba zai iya biya ba, da irin laifin da suke yin hakan a kansa, kafin wata damina ɗakin ya sake cika.

Kuma kada wani ya ce rubuta hukunci baƙon abu ne da Turawa suka zo da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take magana. Idan an umarce mu da rubuta kuɗin da ke tsakaninmu, ina ga shekarun rayuwar ɗan Adam? Alƙalanmu na da suna da muhuti a gefe yana rubuta ƙara da shaida da hukunci da Larabci. Takardun majalisar shari'ar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914 sun tsira har masana suka fassara su aka buga, mutum zai iya karanta abin da aka yanke a kan gona ko kisa fiye da shekara ɗari da suka wuce. A ce wannan ya tsira, amma fayil ɗin shekara uku ya gagari magatakarda, lalacewa ce tamu, ba gado ba.

Ina kuma jin tsoron maganin ƙarya. Da zarar an yi irin wannan kuka, sai a ba da kwangilar kwamfutoci, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, bayan wata shida a tarar da su a rufe da leda babu wuta babu mai shigar da komai. Kwamfuta ba ta ƙirƙirar gaskiya, abin da aka zuba mata shi take amayarwa. Aikin yana farawa ne daga takarda guda mai shafi ɗaya da magatakarda zai cike ranar da aka yanke hukunci, alƙali ya sa hannu a ƙarƙashin dalilinsa, a aika kwafi ofishin babban jojin jiha, a kuma sami mutum ɗaya mai suna wanda za a tuhuma idan takardar ba ta iso ba. Magatakardan da na gani yana tari a cikin ƙura zai iya wannan aiki idan an ba shi takardar, da kabad mai makulli, da albashinsa a kan lokaci.

Ya ku manyan jojin jihohi da alƙalan alƙalai, ku ne doka ta ba wa wuƙa da nama a nan. Ku nemi rahoton nan na kwana 90, ku karanta shi suna bayan suna, ku buga jimillar hukunce-hukuncen kotunanku sau ɗaya a shekara, da Hausa da Turanci. 'Yan majalisar jiha, kafin ku amince da kasafin ma'aikatar shari'a, ku tambayi ina alƙaluman bara. Lauyoyi da 'yan jarida, Dokar 'Yancin Samun Bayanai tana nan tun 2011, ku rubuta ku nema, a hana ku, ku sake rubutawa.

Kai kuma mai karatu, idan an tsare wani naka, kada ka bar kotu sai ka rubuta lambar shari'ar, da sunan kotun, da ranar da aka ɗage zuwa gare ta, ka adana a gida inda ruwa ba zai taɓa ba. Idan an yanke hukunci, ka nemi kwafinsa mai hatimi, haƙƙinka ne. Idan kuma azumi ya zo kuka je biyan tara, bayan kun gama da jerin da aka ba ku, ku tambayi gandiroba su wane ne ba sa cikin kowane jeri.